Madam Lorna da Zinaren da Na Goge

Ƙarfe tara na safe Madam Lorna Hostetler ke buɗe shagonta a garin Lancaster, ta wanke hannu, ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ta rataya gilashin dubanta a wuya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana tantance tsofaffin tsabar kuɗi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji. Kowa a garin nan ya san tsawarta in ka kai yatsa kan fuskar tsaba: "A gefe ake riƙewa, bawan Allah, ba biskit ba ne!"

Ni ganau ce. Da babanmu ya rasu, ya bar mana, ni da yayana Curtis, kuɗin zinare na dala biyar, bugun 1795, mai hoton mikiya. Shekara shida ba ma ga-maciji da Curtis, jana'izar nan ce ta fara haɗa mu. Sai ni, uwar iyayi, na ga zinaren ya dushe, na sa man goge haƙori na dirje shi tas kafin mu kai shi. Wai gyara na yi!

Madam ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Na gaske ne. Amma an goge shi, kwanan nan ma. Masu tara irinsa dushewar nan suke so. Darajarsa ta faɗi kusan rabi."

Curtis ya buga tebur. "Wane sakarai ne ya yi wannan? Faɗa mini!"

Na san ta ga busasshen man a fiffiken mikiyar. Kalma ɗaya ta isa in sake rasa yayana.

Ta ce, "Gilashina karcewa yake nuna mini, ba ya nuna hannu. Amma mugu ba ya zama ya goge abu da kulawa haka. Wanda ya yi, so yake abin babanku ya fito fes."

Sai na ji bakina ya ce, "Yaya, ni ce."

Ya kalle ni, ya kalle ni. "Ke dai ba ki canza ba. Ke da kika wanke mini kifin da nake kiwo a kwalba da sabulu!" Dariya ta kubce masa, hawaye na biye.

Madam Lorna, ke ce mai ido biyu, ɗaya kan zinare, ɗaya kan mai shi. Ba ki rage gaskiya ba, ba ki kuma tozarta ni da ita ba. Duk wanda aikinsa faɗa wa mutane abin da ba su so ji ne, ya je ya koya a wurinki kafin ki rufe ƙofa.

Na gode. Ranar nan na yi mana asarar rabin gado, amma a motar yayana na koma gida.