Bugu Uku a Bango

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar benen nan da hantsi ya san abu biyu ne za su tare shi tun kafin ya kai sama: ƙarar keken ɗinki daga ƙofar hagu, da busar ƙaho daga ƙofar dama. Keken na Inna Tela ne. Ƙahon kuwa na maƙwabcinta ne, wanda gari duka ke kira Mai Ƙaho, tsohon da ya yi suna a kiɗan jaz har hotonsa ya kai bangon shagunan aski. Bango ɗaya ne tsakaninsu, shi ma ginin rowa, irin wanda in ka yi atishawa a nan za a yi maka addu'a daga can.

Inna Tela ta tare a ɗakin ne tun da sauran ƙuruciyarta, bayan rasuwar mijinta. Da keke ɗaya ta zo, da katifa, da 'yarta a goye, wadda ake kira Auta alhali ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Da keken nan ta ciyar da yarinyar, ta sa ta makaranta, har ta aurar da ita. Gajeruwar mace ce, kullum da tef ɗin awo a wuya da allura biyu soke a gaban riga, bakinta kuwa bai fi almakashinta tausayi ba. Ba ta karɓar aikin gaggawa, ba ta kuma yi wa kowa ƙaryar gobe ka dawo, shi ya sa sauran teloli ke ganin tana ɓata musu sana'a.

In ka tambaye ta batun kiɗan maƙwabcinta, sai ta taɓe baki. A wurinta waƙa ɗinki ce: a kama daga nan, a miƙe, a ƙulle zare. Shi kuwa bawan Allah nan sai ya ɗauko hanya tiryan-tiryan, can sai ya ratse, ya yi ta gantali kamar akuyar da ta tsinke igiya, sai ka fid da rai sannan ya dawo yana wani yanga. Ya sha aiko mata da katin shiga wurin wasansa. Ba ta taɓa zuwa ba, amma katunan ba su yi asara ba, don a jikinsu take naɗe ragowar zare.

Akwai wata busa guda da yake buɗe aikin safe da ita kullum. Takan fara ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana magana da kansa, ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta kai wani wuri mai tsini da ke shigar wa Inna har cikin haƙori. Ranar da ta fara jin ta, Auta na kwance da zazzaɓi, barci ya ɗauke ta ke nan da ƙyar. Inna ta juya almakashi ta ƙwanƙwasa bango da gindinsa sau uku. Ƙahon ya tsaya cak. Washegari ya sake, ta sake. Auta ta warke, ta girma, ta tafi gidan miji, su suna nan suna yi. Sabo turken wawa. Fenti ya ɓare a wurin, siminti ya yi ɗan rami daidai kafaɗarta. In ta buga yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kama wasu bushe-bushen, waɗanda take yi wa kunnen uwar shegu.

Hirarsu ba ta wuce gaisuwar matakala ba. In zai yi wasa sai ya rataye baƙar kwat ɗinsa a mariƙin ƙofarta, ta ƙara wa maɓallai ƙarfi, ta ɗinke abin da ya yage, ta mayar masa a mariƙin tasa ƙofar. Wani lokacin in sun yi kiciɓis yakan ce, "Maƙwabciya, yau ma kin yanke ni."

"Gobe ma zan yanke ka, in Allah ya kai mu," in ji ta.

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matan bene sun sha zolayarta, wai ga gwauro ga bazawara, me ake jira? Takan ce da bango a tsakani ma kunnenta bai tsira ba, ina ga an rushe shi.

Tarin nan ne ya ci gaba da cinsa. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da kwat a rataye, shafin cikinta ya farke daga kafaɗa har ƙasa. Kafin ta sa mata hannu sai ga maza biyu sun fito da Mai Ƙaho a kujera za su asibiti. Bai dawo ba.

Gari ya girgiza. Gidajen rediyo suka wuni suna sa busarsa, jaridu suka cika da hotonsa. Mutane suka riƙa taruwa a gindin bene suna ajiye furanni, har da samarin da ba a haife su ba lokacin da yake tashe, suna kuka haiƙan kamar ubansu ne. Inna ta leƙa ta taga ta ce Allah ya jiƙansa, amma dai kunnenta ya huta. Wata mata da ta kawo ɗinki ta dube ta sheƙeƙe, ta kwashe yadinta ta fita. Inna ba ta yi kuka ba. Sai dai ta rufe keken da zane, ta koma bakin katifa ta zauna, kuma kwana da kwanaki ba ta taka shi ba. Ita kanta ba ta san dalili ba.

Ana nan sai ga wani dogon tsoho mai rawar hannu ya zo kwashe kayan mamacin. Shi ne mai gangar ƙungiyarsu, tun suna samari yake kiɗa a bayansa. Da ya gama ɗaure kaya ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya tsaya yana kallon keken da ke rufe kamar ya ga wani babban mutum.

"Ashe ke ce telar," ya ce. "Shekara da shekaru nake kwaikwayon ƙafarki ban taɓa ganinki ba."

Ta ce ba ta gane ba. Sai ya zauna ya ba ta labari. Mai Ƙaho, in ji shi, ba ya iya gwaji sai keken na tafiya, shi ne gangarsa ta gida. In ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo, haka zai zo wurin aiki yana ƙunci, ya ce yau ba a taka masa ba. Tsohon ya ciro waya ya kunna mata busar da aka ɗauka a wani babban taro. Karo na farko ke nan da ta ji ta ba ta cikin bango ba. A ƙarƙashin ƙahon ganga na tafiya ƙat-ƙat-ƙat, takunta sak, har da ɗan jinkirin da take yi in za ta juya yadi. Busar ta hau, ta hau, ta kai wurin nan mai tsini. Sai sanda ta bugi gefen ganga sau uku, komai ya ɗauke. Jama'a suka ɓarke da tafi.

"Duk duniya ta ɗauka gwaninta ce, a yanke waƙa a tsakiya," in ji mai gangar. "Ni na san akwai saura. Na roƙe shi ya busa mana ƙarshen ko sau ɗaya, ya ƙi. Ya ce ƙarshen na tela ne, ranar da ta bar shi ya kai can zai busa."

Inna ta raka shi bakin ƙofa. Tana tsaye a ƙofa ta ga tsohon ya sauka da akwatin ƙahon a hammata. Mai gidan haya ya kulle ɗakin, ya bar mata makulli saboda masu neman haya.

Washegari da hantsi ta yaye zanen, ta ɗiga wa keken mai, ta sa wandon wani ɗan makaranta ta fara takawa. Rana tarwai, yara na ƙwallo a ƙasa, wani na tallar ruwa. Ba ta kai ƙarshen ƙafar wandon ba sai ta ji ƙahon. Ƙasa-ƙasa, daga bayan bango.

Ta ɗaga ƙafa. Shiru. Ta ce rediyon wani ne, ai kwanan nan ba abin da suke sawa sai shi. Ta sake takawa, ya sake shigowa, daidai inda ya tsaya. Ta rage gudu, ya rage. Rediyo kuwa ba ya jiran mutum. Ta nemi tsari, ta ɗauki makulli ta je ta buɗe ɗakin. Ba kowa, ba komai, sai ƙura da sawun ƙafafun kujera huɗu a ƙasa, dab da bangonta. A jikin bangon kuma akwai wani ɗan da'ira da fenti ya yi duhu ya yi sulɓi, inda ya yi shekara da shekaru yana jingina ƙeya. Ta auna da ido, ta ga daidai yake da ramin almakashinta a ɗaya gefen.

Ta kulle ta dawo. Mai hankali zai tattara ya bar gidan. Ita kuwa ta zauna ta ci gaba da wandon. Busar ta hau, ta hau, kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya juya almakashi ya buga uku. Ya tsaya cak. A nan ne kukan da ta riƙe ya ƙwace mata, ta kifa kai a kan keke ta yi mai isarta.

Gobe ma ya zo, jibi ma haka. Tsoro ya gushe, wani abu mai kama da murna ya maye gurbinsa. Ba a jima ba ta gane lissafin: muddin ta yanke shi, bai gama ba, muddin kuma bai gama ba, zai dawo gobe. Gari duka ya yi rashin Mai Ƙaho, ita kaɗai ba ta yi ba. Ta koma cin abinci, ta koma yi wa masu kawo ɗinki faɗa.

Sai dai busar ta fara sauyawa. Kunnen da ya shekara talatin da wani abu yana jin abu ɗaya ba a yi masa ɓoyo. Numfashin ya gajarta. Tsakanin sauti da sauti tana jin wani ƙugi, irin na ƙirjin da ya gaji. Wata rana sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya iya hawa wurin mai tsini, da ta buga kuma, shirun da ya biyo baya ya yi nauyi, kamar na majinyacin da aka hana kwanciya.

Ran nan Auta ta zo duba ta, ta zauna a bakin katifa tana ta maganar da ta saba, cewa Inna ta bar ɗakin nan ta koma wurinsu, ga jikoki ga ɗaki a share. Inna na takawa tana jin ta da rabin kunne, ɗaya rabin na bango. Da lokaci ya yi ta buga uku.

Auta ta dubi bangon, ta dubi uwarta. "Inna, wa kike ƙwanƙwasa wa?"

"Ba ki ji komai ba?"

"Keke kawai nake ji. Inna, mutumin nan fa ya rasu. Ki bar shi ya huta mana."

Auta magana kawai ta yi, irin wadda ake yi wa tsofaffi. Amma ta sauka inda ba ta nufa ba. Inna ta wuni da ita a rai. Ta san tana ƙaunarsa, ta daɗe da sani, ba ta dai taɓa samun hanyar faɗa ba sai da gindin almakashi. Ta kuma san abin da take yi yanzu ba ƙauna ba ce, rowa ce. Mutum ya gama aikinsa na duniya, saura layi ɗaya, ita ta danne masa yadi don kada ta zauna ita kaɗai.

Da gari ya waye ta yi wanka ta sa rigarta mai kyau, wadda da za ta sa in da ta taɓa amsa katinsa. Ta ɗauki almakashi ta kai shi kicin ta sa a cikin tukunya ta rufe, don ta san halin hannunta. Sannan ta ɗauko baƙar kwat ɗin da ke rataye a bayan ƙofa tun ranar asibiti, ta juya cikinta, ta jera farkewar a ƙarƙashin allura. Doguwar hanya ce, daga kafaɗa har ƙasa, ba abin da zai sa ta tsaya.

Ta taka. Ya shigo, a gajiye. Ta rage gudu ta yi daidai da numfashinsa. Suka hau tare, a hankali, har wurin mai tsini. Sautin ya soki haƙorinta kamar kullum. Hannunta na dama ya tashi da kansa yana lalube a kan tebur, ta kamo shi ta mayar kan yadi, ta ci gaba da takawa.

Ya ɗan tsaya, kamar bai yarda ba. Sannan ya wuce.

Ƙarshen ba wani dogo ba ne. Ta zaci zai ratse daji kamar yadda ya saba, sai ga shi ya sauko tiryan-tiryan, mataki bayan mataki, ba yanga ba gantali, har ya dawo kan sautin da ya fara da shi, ya ja shi a hankali, ya ƙulle. Ashe ya iya. Duk shekarun nan yana jin abin da take faɗa a kan waƙa, bangon ai ba ya riƙe sirri.

Ɗinkin ya ƙare amma ƙafarta ta ƙi tsayawa. Allura na ta sukan iska, hawaye na sauka a kan kwat, tana takawa tana takawa ko zai ƙara wani abu, ko da sauti ɗaya ne.

Sai aka ƙwanƙwasa daga bayan bango, daidai kafaɗarta, a hankali, sau uku.

Inna Tela ta ɗaga ƙafarta.