Ranar da Aka Kaɗa Taken Baba a Bayan Tsanyawa

Mun tashi da asuba daga gefen Ungogo, ana idar da sallah muka shiga mota, mu uku. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ko 'yan adaidaita sahu ba su gama fitowa ba. Tun muna makarantar kwana muke tare, kuma in ban da son tuwo da miyar kuka, ban san abin da bakinmu ya taɓa zuwa ɗaya a kansa ba. Maganar kiɗa kuwa ita ce babbar rigimarmu.

Mai motar ɗan zamani ne. Shi in gilashin mota bai yi rawa ba, to ba a fara kiɗa ba. Ni kuma kun san halina: kalangu, garaya, kukuma, duk wani tsohon kaset da aka juye a waya ina da shi, kuma ba na gajiya da yi wa mutane bayani ko ba su tambaye ni ba. Na ukunmu, wanda garinsu za mu, shi ne abin mamaki. Ba ya jin kiɗa kwata-kwata. Da mun zaci ra'ayin malamai ya ɗauka, ya ce a'a, shi dai abin bai dame shi ba ne. Ko ranar bikinsa, ana cashewa yana can yana jera wa baƙi kujeru. Mun daɗe muna ce masa kurma, amma ko a jikinsa.

Ba yawon shaƙatawa muka fita ba. Mahaifinsa, manomin da ake ji da shi a yankinsu, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki tun da rani. Magani ya karɓe shi har yana iya zama, amma da damina ta faɗi, ya ji maƙwabta suna wucewa gona shi yana kwance, sai ya juya wa abinci baya. Inna, mahaifiyar abokinmu, ta bugo waya tana kuka, ta ce sai dai ya kurɓi ruwa, in an matsa masa ya ce wanda bai yi noma ba me zai ci. Ga ciyawa na neman cinye gonar gero, lokacin maimai, wato noma na biyu, yana wucewa. Shi ne abokinmu ya kira gayya, ko tsohon zai saki ransa in ya ji an gyara masa gona. Ni kuma da rawar kaina na ce maganar kiɗan gayya a bar mini, wayata cike take da gangar noma, har na aro sifika mai caji.

Ba mu kai Dawanau ba muka fara kokawa a kan rediyon mota. Muka yi sulhu: waƙa ɗaya tasa, ɗaya tawa. In tasa ta zo na ce kaina zai fashe, in tawa ta zo ya ce ji yake kamar an kai shi gidan tarihi. Na ukunmu yana baya ya jingina kai da gilashi. A Dawanau manyan motoci sun jeru ana lodin hatsi tun da duku-duku. Daga kwanar Dawakin Tofa zuwa Bichi kuwa ba ka ganin taki ɗaya na ƙasa da aka bari a banza. Gero ya wuce gwiwa, gyaɗa da wake a tsakaninsa, gidaje tsilli-tsilli a cikin gonaki, kowanne da darbejiyarsa a ƙofar gida. Titin wani wuri sumul, wani wurin ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa.

A Bichi muka karya da koko da ƙosai. Jama'a, birni yana cutarmu! Kuɗin da a unguwarmu za a ƙirga maka ƙosai kamar ƙwayar magani, a nan sai da matar ta cika leda ta ƙara gyara. Man fetur ne kawai bai san ƙauye ba, tsadarsa ɗaya ko'ina. A Tsanyawa muka sayi goro da sukari da sabulu na gaisuwa, sannan muka sauka daga kwalta muka kama hanyar burji. Nan ne mai motar ya kashe kiɗan da hannunsa, wai yana so ya ji ko ƙasan motarsa na taɓa ƙasa. Na ce ashe akwai abin da ya fi waƙa daɗi a kunnensa.

Hantsi bai yi ba muka isa. Inna ta tare mu da murna, amma idanunta sun nuna ba ta samun barci. Muka shiga ɗakin Baba muka durƙusa. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa, mai hannu kamar faranti, shi ne ya koma haka. Ya amsa gaisuwarmu da harshe mai nauyi. Ɗansa ya gaya masa yau za a yi masa maimai, ya ce Allah ya yi albarka, ya juya fuskarsa bango. Kwanon kunun safe na gefensa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Gonar a bayan dangar gidan take, kana iya jiyo dakan mata daga cikinta. Mutanen gayya sun zo, amma ba yadda aka so ba. Yanzu ƙwadago da maganin feshi sun kusa kashe gayya, waɗanda suka zo ma kunyar Baba ce ta kawo su. Suka jeru da fartanyoyinsu, kowa da kunyar geron da zai noma. Ni kuma na rataye sifika a reshen ɗorawa, na gyara hula, na saki gangar noma.

Da farko an yi shewa. Can sai na ga abin ba ya tafiya. Gangar cikin waya ba ta san ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi ba, gudu kawai take yi, wanda ya bi ta numfashinsa ya ƙare, wanda bai bi ba ya rikice. Ga shi mai kirarin ciki yana ta kiran sunayen wasu manoma na wata ƙasa can. Wani dattijo ya miƙe ya dafa ƙugu, ya tambaye ni cikin ladabi ko waɗannan da ake kira suna hanya ne, a ajiye musu kunya. Aka fashe da dariya, ni kuwa na yi tsuru-tsuru. Mai motar ya ce in matsa in ga aiki, ya saka tasa. Tabɗi! Samari suka yar da fartanya suka hau rawa a kan kunyoyi, har ana taka geron da aka zo ceto. Rana tana ɗagawa, ko rubu'in gonar ba a ci ba, wasu har sun fara duba wayoyinsu.

Na waiga ban ga abokinmu ba. Ashe ya tsallaka rafi zuwa gidajen Kiristocin garin, wurin wani tsohon makaɗi, sa'an mahaifinsa, wanda tun kakanni gidansu ke yi wa manoman yankin kiɗa. Ya daɗe da rataye gangar saboda babu mai kiransa. Sai ga su tafe, abokinmu ya rungumo gangar, tsohon yana biye yana faɗa, wai don me ba a gaya masa tun jiya ba ya ɗaure fatar.

Abin da na gani daga nan, duk tarin kaset ɗina bai taɓa gaya mini ba. Tsohon bai fara kiɗa ba sai da ya tsaya ya kalli yadda fartanyoyi ke sauka, sannan ya shiga tsakaninsu da gangarsa a hankali. Yana tafe a bayan layi. In ya ga an gaji ya sassauta, in ya ga an samu ƙarfi ya matsa. Wanda aka bari a baya sai ya je kansa ya tsaya, ya kaɗa taken gidansu, wato kiɗan da aka san kakansa da shi, sai ka ga mutum ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi. Mutanen da ke wucewa a hanya suka riƙa ratsowa suna karɓar fartanya. Ni ma na tuɓe riga na shiga, kodayake kunyata ta fi ta kowa karkacewa.

Take ɗaya ne tsohon bai taɓa ba, na mai gonar. Abokinmu ya je ya roƙe shi. Tsohon ya girgiza kai. A al'adarsu, wanda aka kaɗa takensa dole ya fito ya ɗaga fartanya ya shiga gaban layi. A kira mutum yana kwance yana ji bai iya fitowa ba, tozarta shi aka yi a gaban gari, kuma mai ciwo irin wannan baƙin cikin zai iya ƙarasa shi. Na ga gaskiyar tsohon, har na so in ja abokinmu gefe.

“Kaɗa kawai,” in ji abokinmu. “In bai amsa ba, ni zan amsa.”

Sai tsohon ya gyara ratayar gangar. Kiɗan da ya fito mai nauyi ne, ba gaggawa a cikinsa. Sai kurman namu, wanda ko kai ban taɓa ganin ya gyaɗa wa waƙa ba, ya ɗaga fartanya sama, ya taka zuwa gaban layi daidai da bugun gangar, ya duƙa. Hannun ofis ne da shi, nan da nan ya yi bororo ya fashe, amma bai ɗago ba. Dukkanmu muna noma muna satar kallon dangar gidan.

Can sai ga amalanken shanu ya ɓullo ta ƙofar baya, Inna tana biye da mayafinta a hannu. Baba ne a zaune a ciki, an tokare shi da buhu. Daga baya Inna ta ba mu labari cewa yana jin bugun farko ya fara dukan tabarma da hannunsa mai lafiya, bai daina ba sai da aka ɗauko shi. Aka tsayar da amalanken a gindin ɗorawa. Ya miƙa hannu, wani ya saka masa fartanya, ya ɗaga ta sama tana rawa. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Makaɗin ya zo gabansa yana kiɗa hawaye na bin gemunsa. Baba ya kalli gonar, ya kalli wanda ke gaban layi, ya nuna shi da fartanyar.

“Bi shi,” ya ce wa makaɗin da ƙyar. “Taken nasa ne yanzu.”

Ban ji kunyar kowa ba, na yi kuka. Mai motar ma ya juya baya, wai ƙasa ce ta faɗa masa a ido.

Kafin la'asar an gama gonar tas. Aka kawo fura da nono da tuwon dawa, muka baje a inuwa. Ana cikin ci sai muka ji Baba yana faɗa, harshen da nauyi amma kowa ya gane: wai shi ba mutum ba ne da za a wuce shi da ƙwarya? Inna ta kawo masa da gudu. Ya sha, ya huta, ya ƙara. Ta koma gefe ta zauna tana ta hamdala, tana sa mana albarka, har da mu da muka kusa ɓata aikin.

Bayan la'asar muka kamo hanya, bayan mota cike da tsarabar gyaɗa da kuka da daddawa. Har muka hau kwalta a Tsanyawa babu wanda ya taɓa rediyo. Sai wajen Bichi na kasa haƙuri, na tambayi abokinmu yadda aka yi ya ɓoye mana wannan abu shekara da shekaru. Ya ce ba ɓoyewa ya yi ba. Tun yana ƙarami, in ya jiyo wannan kiɗan daga gona ya san babansa na gaba kuma gidansu ba zai kwana da yunwa ba. Da ya zo birni ya saurari namu, bai ji wanda ya gaya masa wani abu makamancin haka ba, sai ya bar mana kayanmu.

Mun iso Ungogo ana kiran magariba, jiki duk ciwo, ƙafafu duk laka. Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan shi ne, yawan waƙoƙin da ke wayar mutum ba shi ke nuna matsayin kiɗa a ransa ba. Ni ina da ɗaruruwa, mai motar ya fi ni, kuma har gobe ba zan so nasa ba, shi ma ba zai so nawa ba, mun kuwa yafe wa juna. Amma wanda muke kira kurma guda ɗaya tak gare shi, kuma shi ya tayar da mahaifinsa daga kan tabarma. Na gode wa Allah da ya kai ni na gani da idona, na gode wa tsohon makaɗin da ya tsallako rafi, na gode wa mutanen da suka ba da guminsu.

Muna sauke abokinmu a ƙofar gida wayarsa ta yi ƙara. Inna ce. Ta ce Baba ya cinye tuwon dare, kuma ya ce a gaya wa ɗansa kunyarsa ta karkace daga tsakiya, ya dawo ranar huɗa ya gyara.