Matar da Ta Rataya wa Injiniyoyi Kwali a Wuya

Kafin kowa ya iso wurin aiki, Iya Mai Kwali ta riga ta goge dogon teburin da ke tsakanin ɗakin masu ƙera na'ura da ɗakin masu rubuta manhajar waya, ta baza kwali da almakashi da gam. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ambaton sunanta a taron ƙaddamar da kaya ba. To yau ni zan faɗa, mai jin haushi ya ji.

Aikinta haɗa ɗakunan nan biyu ne, waɗanda ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Kafin a ƙera komai sai ta yanka siffarsa da kwali, ta rataya wa injiniya a wuya ta ce shi ne na'ura. Ta manna wa mai manhaja takarda a ƙirji ta ce shi ne waya. Sannan ta kawo wanda zai yi amfani da kayan, a gwada yadda abin zai kasance a gida. Masu manyan digiri sai tsaki, wai an mayar da su 'yan firamare.

Sai ga aikin injin iskar numfashi, wanda ake ajiye wa marar lafiya a gida, waya tana nuna wa mai jinya halin da ake ciki. Saura kwana huɗu a tura zane masana'anta, Manaja ya kira ta.

"Iya, in kika sake tsayar mana da aiki, ki manta da kujerar shugabar sashe da ake shirin ba ki."

"Ranka ya daɗe, ai ba da ita na zo daga gidanmu ba. A ba ni rabin awa."

Ta gayyato wata tela da ke jinyar mahaifiyarta. Ta ɗora matashin kai a benci ta ce ga tsohuwa nan kwance. Tela ta juya baya kamar tana kan keken ɗinki. Can sai Iya ta ce, "An ɗauke wuta, batirin injin ma ya kusa ƙarewa."

Mai kwali a wuya yana kallon mai takarda a ƙirji, shi ma yana kallonsa.

"Na'ura, ba ka yin ihu ne?" in ji Iya.

"Ai mun cire ƙararrawa, tunda waya za ta yi kuka."

"Waya fa?"

"Mu rubutu kawai muke turawa. Mun ɗauka injin ne zai yi ihu."

Tela ta waiga, ta dubi matashin nan, ta ce, "Wato ina nan ina ɗinki innata ta tafi?"

Wallahi ba wanda ya sake yin tsaki. Wata biyu aka yi ana gyara, kujera kuwa aka miƙa wa wani. Washegari Iya ta zo ta ci gaba da yankan kwalinta, ko a jikinta. Mu ne abin ya ƙona wa rai, kuma har yau ban huce ba.

Iya, ke ce kika ƙi yarda kowa ya fake da "ai na ɗauka su za su yi". Ke ce ƙashin bayan gidan nan, ko sun faɗa ko sun yi gum. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, ku taso daga ɗakunanku ku zauna wuri ɗaya, ku kira mai amfani da kayan. In abu bai yi ba ku tsayar da aiki, ko wa zai ɓata rai.

Makon jiya wani dattijo mai amfani da injin ya zo ƙorafi, wai ƙararrawar ta cika ƙarfi, har maƙwabta na firgita. Manaja ya tura shi wurin Iya don ta ji kunya. Ta ba shi kujera, ta saurare shi tsaf, ta raka shi har bakin ƙofa. Da ta dawo ta ce da Manaja, "Ba za a rage ba, ranka ya daɗe. Ba ka ga da ƙafarsa ya zo ba?"