Jakar da Habboba Ta Ƙi Kwancewa

Hajj Yusuf

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar na fita daga gidanmu a unguwar Hajj Yusuf, Abban yara yana tsokanata wai malamar rauda, wato makarantar ƙananan yara, ta koma ɗan sanda. Ban kula shi ba. A ajinmu na 'yan shekara biyar, duk Alhamis muna ba kowane yaro jakar yadi: katunan hotuna, fensiran launi da ƙwallayen dabino ashirin na ƙidaya, ya yi wasa da su tare da iyayensa. Ta kowa kan dawo a hargitse, ban da ta Nafisa, yarinyar da ba ta cika buɗe baki a aji ba. Mako shida ƙullin da na yi bai motsa ba. Shugabarmu ta ce jakunkuna ba su isa ba, in aka sake haka a ba wani yaron. Abin ya tsaya mini a rai. Uwar tana aikin ƙarshen mako, wurin kakarta a Umbadda yarinyar take yin hutu, shi ya sa na nufi can.

Khartum

Hafla, wato ƙaramar bas, ta cika shida saura kwata. Kumsari yana ta ƙyasta yatsu yana karɓar kuɗin mota, wata mata ta ɗora mini kwandon lemun tsami a cinya ko sannu babu. Mun haye Nilu rana tana fitowa. A tashar Khartum na sha shayi da zalabiya, wani irin fanke, wurin wata mai shayi, wadda ta ji ina waya da Hausa ta ce ita ma jikar Katsinawa ce, ta ƙara mini biyu.

Kasuwar Libiya

Takwas da kwata muka tsallaka gada zuwa Omdurman, tara ta yi mini a Kasuwar Libiya. Kai, wannan kasuwa, mai neman allura sai ya fito da firiji. Na sayi sabulu na tsaraba, na hau raksha, wato keke mai ƙafa uku. Direban ya rantse ya san gidan, sai da muka zaga masallaci ɗaya sau uku.

Umbadda

Kakar, Habboba Ladi, haka jikoki suke kiranta, ta shimfiɗa mini a angareb, gadon igiya, aka kawo kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa. Sai da na wanke hannu na tambayi jaka. Ta ciro mabuɗi daga haɓar mayafi, ta buɗe akwatin ƙarfe, ga jaka nan kwance a kan likkafaninta.

"Yarinya ta ce kin ce amana ce," in ji ta. "To 'yar nan, wa yake kwance amana?"

Kunya ta rufe ni, don ni na faɗa, ina nufin kada a ɓatar. Ta ba ni labarin mahaifinta, mutumin Haɗeja da ya tsaya a nan kan hanyar Makka. Abokin tafiyarsa ya bar masa ƙunshi ya wuce, bai dawo ba. Ƙunshin ya yi shekara da shekaru a rataye, har abokin ya rasu, ɗansa ya zo ya karɓa da ƙullinsa.

Na ba ta haƙuri, na ce wannan amanar a kwance ake riƙe ta. Ta ce ni ce mai ita, in kwance da hannuna. Na zazzage ƙwallayen a tabarma. Habboba ta ce ai wannan dara ce, ta soma jerawa tana ƙidaya da Hausa. A na bakwai sai muka ji 'yar muryar Nafisa ta ce, "Takwas." Wallahi sai da na juya kai na share ido.

Komawa

La'asar na taso, magariba ta same ni a gida, ƙafafu sun kumbura amma rai fes. Ran Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a nan, Nafisa ta shigo da jaka, da tabon miya a gefe, ƙwallaye sha tara, da wani ƙunshin dabino. Ta tsaya gaban shugaba ta yi bayani da bakinta: ɗaya ya faɗa rami, Habboba ta ce mu cinye waɗannan mu cike gurbin. Shugaba ba ta ƙara maganar karɓe jaka ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Habboba Ladi. Dabinon mun cinye a aji, Nafisa ce ta ƙidaya wa kowa nasa.