Tarwaɗa a Motar Ofis

Duk abin da zan manta na shekarun da na yi ina tuƙin motar ofis a Birnin Kebbi, ban da ranar da na tsoma ta a ruwan Zauro. Da damina ne, na kai takardu Argungu, a hanyar dawowa na ce bari in ratsa fadama in leƙa shinkafata. Ba wanda ya aike ni. Gaɓa ta zabtare, mota ta sulale cikin ruwa, ni kuwa na fito ta taga ko ƙwarzane babu. Ina tsaye jiƙe sharkaf ina ta ƙyalƙyala dariya kamar zararre, manoma na yi mini barka. Su suka jawo ta da shanu.

Sai daga baya na tuna dole in rubuta rahoto, kuma aikina na iya tafiya. Na garzaya Gwadangaji wurin abokina malamin Turanci, ya taya ni da kalmomin da zan sa a rahoton. Ya ce akwai kalmar "unscathed", ana faɗinta ga wanda ya tsira daga haɗari ba ko rauni. Daɗinta ya kwashe ni, ina tafe ina maimaita ta. Ya ja mini kunne cewa ni kaɗai ta dace da ni, amma na rubuta cewa ni da mota duk haka muka fito. Har layi na ja a ƙarƙashin kalmar.

Washegari maigidanmu ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wagga kalma, ka san ma'anatta?"

"Sarai, ranka shi daɗe."

"To, mu tai mu ga motar."

Yana buɗe ƙofar baya ruwa ya zubo masa a takalmi, sai ga tarwaɗa daga ƙarƙashin kujera tana wutsil-wutsil. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ga dai wadda tac cancanci kalmar." Dariya ta ƙwace mana mu duka, tawa har da hawayen tsoro. Nan na zayyana masa gaskiya da Hausa, har zancen shinkafar.

Ya yaga rahoton, ya dakatar da ni mako biyu. Ya ce da na ƙara minti ɗaya ina kare takardar nan, da na tafi ke nan. Tun ranar na gane babban Turanci ba ya shanya jiƙaƙƙiyar mota, kuma wanda Allah ya fitar daga ruwa bai kamata ya tsoma kansa cikin ƙarya ba.