Ledar Bakin Tanki da Sunan Baba Ilu

Na taso a Yako, a gidan da kakata ta wajen uba take da ɗaki can ƙurya, kusa da rumbu. Iya Ladi muke ce mata. A shekarun da nake firamare, idan an gama girbi sanyi ya sauko, da an ci tuwo akan haɗa mata wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya miƙa hannu wajen garwashi. Tana da tatsuniyoyi irin na kowace tsohuwa, amma akwai guda da babu dabba babu aljani a cikinta, kuma ita muka fi roƙo: labarin motar Ɗanlami. Ba ta fara shi sai an miƙo mata buta cike da ruwa ta ajiye a gefen ƙafarta, sa'an nan ta dube ni.

"Maigidana, ka gama leƙen tukunya? To zauna. Ga wata nan tafe da ƙafa huɗu."

"Ta iso lafiya, Iya," mu amsa.

Ɗanlami direba ne mutumin Dangora, mai wata tsohuwar a-kori-kura da ke shan man dizal, wanda a wajenmu ake kira gas. Ita ke kwasar buhunan masara da 'yan kasuwa zuwa Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa. Duk gas ɗin da take sha kuwa daga hannun Baba Ilu yake fitowa, ƙanin Iya, wanda yake sayar da shi a durom a bakin hanya. Mutum ne mai tsentseni, shi ake turawa gaba ya ja salla idan liman ba ya nan.

Wata damina motar ta kamu da wata irin cuta. Takan tashi lafiya da safe, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara shaƙewa. Ɗanlami ya taka totur ta yi kamar ba ta ji ba, ta yi tari, ta fizga, ƙarfinta ya dinga raguwa har ta mutu a gefen hanya. Ya sauko, ya buɗe tanki, ya zura kara ya ga mai na nan, ya rufe, ya murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Can gaba kuma ta sake.

Ya kai ta wurin wani bakanike a Kiru. Bakaniken ya canza filta, ya hura bututun mai, ya fitar da iskar da yake zaton ta shiga layin, ya zaga da ita bayan kasuwa bai ji komai ba. Bayan kwana biyu Ɗanlami ya dawo da ita. Aka sake filta, aka kwance nozul aka wanke, aka leƙa famfon mai. Daga ƙarshe bakaniken ya tsiyayi gas a kwalba, ya ɗaga wa rana, bai ga ruwa ya kwanta a ƙasa ba. Duk da haka ya goge hannu ya ce shi ya gama nasa, inji lafiyarsa ƙalau, sai dai a tambayi mai sayar da mai, domin kalanzir idan an gauraya shi ba a gani da ido.

Iya kan dakata a nan ta tura kara cikin wuta. "Kun ji fa," in ji ta. "Bai gani ba, amma ya faɗa."

Har yau wannan wurin yana sosa mini rai. Mutumin da ya kasa gano cuta, maimakon ya ce bai sani ba, ya ɗauki gazawarsa ya rataya a wuyan wanda ba ya wurin. Kafin mako ya zagayo magana ta cika tashoshi. Masu injin niƙa suka koma sayen gas a wani gari. Wata la'asar liman bai zo ba, Baba Ilu ya matsa gaba kamar yadda aka saba, sai wani dattijo ya riƙe masa hannun riga, aka tura wani. Ya dawo gida, ya kwana uku bai fito da durom ba. Mai unguwa ya sa ranar da za a zauna a ji bakin kowa.

A lokacin Iya tana kai daddawa kasuwar Tudun Wada, kuma a motar Ɗanlami take hawa, a baya kan buhuna, daidai saitin bakin tanki. Murfin tankin ya faɗi tun farkon damina. Ɗanlami kuwa mutum ne mai kula da kayansa, don haka, gudun kada ruwan sama ya shiga, ya ninka leda uku ya rufe bakin, ya ɗaure tamau da robar tayar keke. Ranar da motar ta sake mutuwa a hanya, Iya ta leƙa ta ga ledar ta lotsa ciki kamar kumatun tsohuwa marar haƙori. Da ya kwance robar kuma ta ji tankin ya ja wani dogon numfashi.

"Ɗanlami," ta ce, "motar nan taka iska take nema."

"Iya, ki ji da daddawarki. Iska ita ce abin da bakanike ya wahala yana fitarwa."

"Wadda ya fitar daban. Kai dai ka ɗaure wa baiwar Allah baki."

Fasinjoji suka yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar zama a ƙofar mai unguwa, Iya ta yafa mayafinta ta tafi, ta durƙusa a gefe ta gaishe da dattawa. Baba Ilu ya ce mata, "Yaya, ki koma gida, wannan maganar maza ce." Ta ce ba magana ta zo yi ba, aron buta take nema. A nan ne take ɗaukar butar da ke gefen ƙafarta ta nuna mana abin da ta nuna musu. Ta karkata ta, ruwa ya zubo sumul. Sai ta manna tafin hannunta a bakin butar na sama. Ruwan ya yi tsalle, ya kakkatse, ya tsaya cak, alhali butar tana cike. Ta ɗaga hannu, ya ci gaba da zuba, yana jiƙa gefen toka.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "ruwan nan an gauraya shi da wani abu ne?"

Wani tsohon direban tarakta da ke wurin ya tuna cewa murfin tanki na asali yana da wata 'yar huda da iska ke shiga ta cike gurbin man da inji ya sha. Idan aka toshe ta, famfo ya yi ta ja har ya kasa. Shi ya sa motar ke warkewa duk lokacin da aka buɗe tanki, shi ya sa kuma ba ta taɓa nuna cutar a garejin bakanike ba, inda tafiyar gajera ce. Mai unguwa ya sa aka cika tankin daga durom ɗin Baba Ilu a gaban kowa. Iya ta zaro allura daga gefen zanenta ta huda ledar sau biyu. Motar ta je Doguwa ta dawo da dattawa biyu a ciki, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Mukan yi shewa a nan, ita kuwa ba ta yi. Wani dare na tambaye ta ko an ba Baba Ilu haƙuri. Ta ce Ɗanlami ya zo har soro ya durƙusa, amma shi kaɗai, ba mai gani. Bakanike bai zo ba. Da ta ga ina rubuta labarin a bayan littafin makaranta, ta ce, "Maigidana, ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa Ilu bai yi ba. Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka."

A da na ɗauka darasin shi ne a fara duba ƙaramin abu kafin a kwance babba, kuma haka ne. Sai da na yi shekaru ina magatakarda a kotu na fahimci dalilin da ya sa take maimaita labarin duk shekara ga yara ƙanana. Na ga yadda zaure ke cika ranar da ake karanta tuhuma, ya kuma zama fayau ranar da ake wanke mutum. Iya ba labarin mota take ba mu ba. Shaida take bayarwa, tana neman masu riƙe ta bayan ranta.

Shekaru da yawa bayan rasuwar Iya da Baba Ilu, ina zaune a wata rumfa a Dangora ina jiran mota, wani mai furfura ya tambaye ni garinmu. Da na faɗa sai ya ce, "Yako? Garin Ilu mai gauraya gas?"

Motar ta zo, ta cika, ta tafi ba ni. Na roƙi mai rumfar ya ara mini buta, na ce wa dattijon ya gyara zama.