Jarkar Kawu a Hanyar Belel

Mun tashi daga Mubi da asuba, mu huɗu: ni da maigida, da mahaifiyata Inna, da ƙanen maigida wanda shi ne direbanmu. Belel muka nufa, can bakin iyakar Kamaru, inda ƙanwata take aure. Allah ya ba ta 'ya mace bayan dogon jira, washegari ne suna, kuma sunan Inna za a mayar. Tun da labarin ya iso Inna take cewa ko a kan jaki ne sai ta je. Matsalar ita ce damina ta yi nisa, ga wani mayo, wato rafi, kafin Belel wanda in aka yi ruwa a kan duwatsu yakan cika ya hana kowa wucewa sai ya janye. Dole mu haye shi kafin hadarin la'asar.

Motar aro ce. Maƙwabcinmu, wani dattijo Kirista daga duwatsun Michika da muke kira Baba, shi ya ba mu a-kori-kurarsa mai ja da ƙafa huɗu, wadda yake shiga gona da ita. Da ya miƙa makulli sai ya dafa wata jarka da ya ɗaure a baya.

"Wannan mai daga gidan mai na saya da hannuna," in ji shi. "Motan nan ba ya shan mai na kwalba. A wasu ƙasa ana rubuta lamba a jikin famfo, ka zaɓa mai ƙarfi ko mara ƙarfi. Mu a nan ba lamba, sai ka san wurin da ka saya. In mai ba ƙarfi, a kan hanya mai kyau ba za ka sani ba. Dutse ne zai gaya maka."

Muka ce mun ji, Baba. Inna ta shiga gaba, ni da maigida muka zauna a kujerar baya da ƙullin kayan jariri a cinyata. Muka karanta addu'ar hawa abin hawa, muka kama hanyar Maiha.

Wanda bai fita Mubi da damina ba bai san kyan ƙasarmu ba. Duwatsu sun yi shar, gajimare ya sauko ya zauna a kansu, masara ta fi mutum tsawo, mata suna tafe gona da fartanya a kafaɗa da goyo a baya. Hanyar kuwa wani wuri kwalta, wani wuri sai dai a ce an taɓa yin kwalta. A Maiha muka tsaya muka sha kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi. Na lura ƙosansu ya fi namu girma a kuɗi ɗaya, amma fetur ɗin da 'yan bumburutu suka jera a kwalabe, wani ja wani ruwan ɗorawa, yana ƙara tsada ne duk sa'ad da aka matso iyaka. Direbanmu ya dube su ya ɗaga hanci. Na ce masa, "Jiya kake tura babur a layinmu, yau kai ne mai raina kwalba?" Ya ce, "Matar yaya, ki ci ƙosanki, harkar manya ce."

Da hantsi muka isa Sorau, gidan Kawu, ƙanen Inna. Ba a wuce shi ba a gaisa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kindirmo da dafaffiyar masara, maigida ya durƙusa can gefe yana gaisuwa kansa a ƙasa, don bai taɓa iya haɗa ido da Kawu ba. Muna shirin tashi direba ya ga mai ya yi ƙasa, ya fara kwance jarkar Baba. Kawu ya hango shi.

"Kai yaro, me kake yi? A ƙofar gidana za ku ci guzurinku? Mayar ka ɗaure!"

Ya shiga ɗaki ya fito da tasa jarkar yana nishi. Tun rani ya aje ta saboda injin ban-ruwansa, ya hana kowa taɓawa, yau ga ranarta. Da aka buɗe na ji warin ya yi nauyi, kamar akwai ɗan kananzir a gindin jarkar tun da. Direba ma ya ji, ya dubi yayansa. Yayan ya dubi ƙasa. Wa zai ce wa suruki kyautarsa ba ta yi ba? Inna tana ciki suna sallama da matan gida. Kawu da kansa ya riƙe mazurari har ɗigon ƙarshe, yana sa mana albarka.

Da farko lafiya lau. Har maigida ya ce, "Kun gani? Mai ai mai ne." Sai muka zo hawa na farko, wata doguwar tunga mai duwatsu da zaizayar ruwa. Direba ya sa ƙaramar giya ya taka totur, sai injin ya fara wata ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Motar ta yi tari, ta ja kaɗan, ta sake tari, ta mutu a tsakiyar hawa. Muka sauka da sauri muka sa wa tayoyi duwatsu.

Na duba gabas, hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin a kan duwatsun Kamaru. Inna ta koma gefen hanya. Ta zauna a gindin wata ƙirya ta ciro carbi, ta ɗora ƙullin kayan jaririn a cinyarta tana shafawa. Wannan zaman nata ya fi komai taɓa ni.

Maigida ya hau kan wani dutse yana ɗaga waya sama har ya samu layi, ya kira Baba. Daga inda nake ina jin dariyar dattijon. "Suruki ne ya ba ka? To, ba laifinka ba, ni ma da na karɓa. Kar ku sake tayar da shi, inji zai lalace. Akwai tiyo a bayan kujera. Ku zuƙe duka, ku zuba nawa."

Aikin zuƙa ya faɗa kan direba. Wasu makiyaya biyu da ke wucewa da shanunsu suka tsaya, suka taya mu sauke jarkokin ruwan da muka taho da su, muka juye su don a samu wurin zuba man Kawu. Direba ya sa tiyo a baki ya ja, fetur ya cika masa baki, ya yi ta tofarwa yana hawaye. Na miƙa masa buta na ce, "Harkar manya ce, sannu." Har Inna sai da ta yi dariya. Ɗaya makiyayin ya tatso masa nono mai ɗumi ya kurkure baki. Da aka zuba man Baba, aka murɗa makulli, motar ta yi gardama sau biyu, sannan ta kama da murya mai santsi. Ta haye tungar nan kamar akuya.

Mun iso mayon iska ta riga ta taso, ruwan ya fara canja launi zuwa ja, ya kai rabin taya. Masu babura suna ta ɗaga mana hannu mu yi sauri. Inna ta ce, "Bismillahi, shiga." Ni dai na rufe ido ina salati har na ji tayoyi sun kama yashi a ɗaya gefen. Ba mu kai cikin gari ba aka kece da ruwa. Daga baya muka ji har dare ba wanda ya ƙara hayewa.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago. Da aka ɗora wa Inna takwararta a hannu, ta daɗe tana kallon 'yar fuskar nan, hawaye na bin kumatunta, ƙanwata ta jingina kai a kafaɗarta. Belel garin kasuwa ne, naira da sefa duk suna tafiya, Fulatanci ya fi Hausa yawa a bakin mutane. Mun ci tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, mun ci naman suna har muka gaji.

A hanyar dawowa dole mu bi ta Sorau. Tun daga nesa muka hango Kawu a ƙofar gida, da wata jarkar a gefensa. Maigida ya ce, "Innalillahi," ya fara zamewa ƙasa a kujera. Inna ta sauke gilashi ta dubi Kawu.

"Kai, mayar da abin nan ɗaki. Manka ya kusa kwanar da ni a daji. Ga shi can a baya mun dawo maka da shi, ka ba injinka. In kyauta za ka yi, ɗebo gyaɗa."

Kawu ya riƙe baki, ya dubi maigida. "Shi ne ba ka faɗa mini ba?" Maigida ya ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu." Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan jarkar, sannan ya sa aka loda mana buhun ɗanyar gyaɗa.

Mun shigo Mubi ana kiran magariba, lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Muka kai wa Baba motarsa da soyayyen naman suna da rabin gyaɗar. Abin da na koya shi ne mota mai hawa dutse ba ta san kunya ba, abin da aka zuba mata kawai ta sani. Kyautar babba a karɓa da hannu biyu, amma a ɗaure ta a baya. In kuma za a gidan suruki, a tafi da yayarsa.